Filin Noma Da Kiwo: Kundin Ɗalibi Da Buhun Wake



Duk wanda ya ratsa ta bakin ƙofar wata jami'a a ƙasar nan a ƙarshen shekarar karatu, ko a Samaru ne, ko Kano, ko Sakkwato, ko Maiduguri, ko Makurɗi, ba zai rasa ganin wasu 'yan shaguna a jere ba, inda masu buga takardu da masu ɗinke littattafai su ke kwana a kan aiki. Samari da 'yan mata suna ta kai da kawowa, kowa rungume da wani kundi mai kaurin bango, baƙi ko kore, an zana sunansa a kai da ruwan zinariya. Wannan shi ne kundin binciken kammala digiri, wanda ɗalibai su ke kira firojet. Babu mai karɓar takardar shaidar digirin aikin gona sai ya rubuta irinsa, ya kuma tsaya gaban malamai ya kare abin da ya rubuta. Iyaye da yawa sun biya kuɗin wannan kundi, wasu ma sai da su ka sayar da akuya ko buhun hatsi, amma kaɗan ne daga cikinsu su ka san abin da ke ciki, balle su san ko yana da wata alaƙa da gonarsu.

Alhali kuwa yana da ita. Digirin aikin gona a jami'o'in Nijeriya shekara 5 ne. A shekara ta huɗu a kan fitar da ɗalibi daga aji a kai shi gona, ya yi huɗa, ya yi shuka, ya kula da kaji da tumaki, ya ga yadda a ke yi da idonsa. A shekara ta biyar kuwa sai a ce masa to, ga gona ga dabbobi, ya zaɓi tambaya guda wadda ba a san amsarta sosai ba, ya nemo amsar da kansa. Yaron da ya yi wannan aiki yau, shi ne gobe malamin gona, ko jami'in ma'aikatar gona, ko mai sayar da iri da maganin feshi a kanti. Idan ya koyi faɗin gaskiya game da abin da gona ta nuna masa, manomi zai amfana da shi shekara 30. Idan kuwa ya koyi cika takarda da alƙaluman da ya ƙirƙira a ɗaki, to, da wannan hali zai shiga aiki, kuma a kan manomi abin zai ƙare.

Binciken aikin gona ba baƙo ba ne a Arewa. Tun 1922 aka kafa tashar bincike a Samaru, wadda ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello sa'ad da aka buɗe jami'ar a 1962. Gonar kiwo ta Shika ta soma a 1928, ta zama cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa a 1976, kuma daga can ne aka fito da kazar nan mai ƙwai da a ke kira Shika Brown. Akwai wani abu da ya faru a Samaru wanda ya kamata kowane ɗalibi ya sani kafin ya zaɓi abin da zai bincika. A da, masana da yawa sun ɗauka cewa al'adar manoman Hausa ta haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona guda rashin sani ne, sun fi so a ware wa kowane iri gonarsa. Sai wani Bature mai suna David Norman, wanda ya zo Samaru a 1965, ya tura ma'aikatansa ƙauyuka 3 na ƙasar Zazzau, watau Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, su ka riƙa bin magidanta a kai a kai har shekara guda, suna rubuta aikin da aka yi a kowace gona da abin da aka girba. Da aka yi lissafi sai aka tarar manoman nan sun san abin da su ke yi. Gonar haɗe ta fi ba da riba a kan kowace eka, kuma idan wani iri ya ƙi a shekarar, wani zai rufa wa gida asiri. Ba da wata na'ura mai tsada aka gano haka ba. Da littafin rubutu aka yi, da haƙuri, da kuma yarda cewa mutumin da ke duƙe a gona yana da dalili.

Daga nan ne ɗalibai da yawa su ke fara ɓata. Maimakon yaro ya nemi tambayarsa a wurin manomi, sai ya shiga ɗakin karatu na sashensu, ya jawo kundin wanda ya gama shekara 3 da su ka wuce, ya sauya sunan gari, ya sauya masara ta koma dawa, ya kai wa malami. Wani kuma sai ya ɗauko abin da ya fi ƙarfinsa, ya ce zai bincika matsalolin noma a jiha guda sukutum, alhali kuɗin motar zuwa ƙaramar hukuma biyu ma ba shi da su. Ƙarshenta ya raba takardun tambayoyi 100, ya zauna a gindin bishiya shi da abokansa su cike 70. Tambaya ƙarama wadda za a iya amsawa da gaske cikin wata 6 ta fi irin wannan nesa ba kusa ba.

A ɗauki misalin wake, tun da babu gidan da ba a cinsa. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman irin waken nan namu, Jamhuriyar Nijar tana biye. Kowane manomi ya san cewa da kaka wake ba ya da daraja, sai an kai bazara zuwa faɗuwar damina sa'an nan ya ke tashi. Abin da ke hana shi jira shi ne ƙwaron nan da ke huda wake a ajiye. Tun daga gona a ke kwaso shi. Macen tana manna ƙwanta a jikin ƙwayar wake, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta kutsa ciki ta yi ta ci, bayan mako 3 zuwa 4 idan da zafi sai sabon ƙwaro ya huda ya fito, shi ma ya shiga nasa aikin. Mace guda tana iya yin ƙwai da dama, har kusan 100. Saboda haka buhun da aka ɗaure lafiya lau a watan Nuwamba, kafin watan Maris sai a buɗe a tarar da gari da ramuka da wari.

Don gudun wannan asara ne wasu 'yan kasuwa su ka shiga zuba wa wake guba irin su fiya-fiya da Sniper, waɗanda ba a yi su don a haɗa da abinci ba. Abin bai tsaya a gida ba. A watan Yuni na 1915 babu wanda zai yi tunanin haka, amma a watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya, domin an yi ta samun ragowar irin wannan guba a cikinsa fiye da iyakar da su ka sa, watau miligiram 0.01 a kowane kilo. Aka tsawaita hanin a 2016, aka sake tsawaita shi a 2019. Turawa sun ƙi ci sun huta. Waken da su ka ƙi kuwa irinsa ne a ke yin ƙosai da alala da shi a gidajenmu.

To, ga ɗalibi ya ga wannan, ya ce shi a nan zai yi bincikensa. A ƙauyensu akwai masu gauraya wake da toka, akwai masu zuba garin ganyen darbejiya, akwai masu ɗura shi a jarka su toshe bakin, ga kuma buhun nan mai ruɓi uku da a ke kira PICS. Wannan buhu ya samo asali ne daga aikin da wani masani na Jami'ar Purdue ta Amurka, Larry Murdock, ya yi tare da masu bincike na Kamaru a yankin Marwa tun wajen ƙarshen shekarun 1980, kuma daga 2007 aka shiga yaɗa shi a ƙasashe 10 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje, a ɗaure kowanne dabam. Babu magani ko kaɗan. Ƙwarin da kansu su ke shaƙe 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su bushe su mutu. Tambayar ɗalibin nan mai sauƙi ce: a cikin waɗannan hanyoyi, wacce ce ta fi tsare wake wata 6 a ɗakin ajiya irin na ƙauyensu, kuma nawa kowacce ta ke ci wa manomi?

Sauƙin tambaya bai sa aikin ya yi sauƙi ba, kuma a nan ne a ke gane wanda ya yi karatu. Da farko dole waken duka ya fito daga tuli guda, a gauraya shi sosai, ya bushe sarai, domin idan na toka daga wata gona ya zo, na darbejiya kuma daga wata, babu wanda zai san ko maganin ne ya yi aiki ko kuwa dama wani waken ya fi wani ƙwari. Sa'an nan dole a ware wani kaso a bar shi haka nan ba a yi masa komai ba. Ɗalibai su kan ga kamar ɓarna ce a zuba wa ƙwari wake da gangan, amma da wannan kaso ne a ke auna sauran. In babu shi, ko da waken toka ya fito lafiya, wa ya san ko shekarar ce ba ta da ƙwari?

Bayan haka sai maimaitawa. Ba a yin mazubi ɗaya ga kowace hanya. Idan hanyoyin 5 ne har da wanda ba a taɓa ba, a yi wa kowacce mazubi 4, ya zama 20 ke nan. Dalili kuwa shi ne, mazubi guda yana iya fashewa, ko ɓera ya huda shi, ko ya zamana yana kusa da taga inda rana ke dukansa. Kuma wurin da za a ajiye kowane mazubi ba son rai ba ne, ƙuri'a a ke yi. A rubuta lambobi a 'yan takardu, a zuba a hula, a jawo. Wannan dabara ta ƙuri'a da maimaitawa wani masanin lissafi ne na Ingila, Ronald Fisher, ya tsara ta bayan ya kama aiki a tashar binciken gona ta Rothamsted a 1919, kuma har yau da ita a ke gwada iri da taki da magungunan asibiti a duniya duka. Manufarta ita ce ta hana mai bincike yaudarar kansa, domin ɗan Adam, ko da ba da nufi ba, ya kan ajiye abin da ya ke so ya yi nasara a wuri mai kyau.

Akwai wani tarko da ya kama ɗalibai da dama a irin wannan gwaji. Tsarin aiki ya ce a duba wake kowane wata, a ɗebi ƙwaya 100 a ƙirga masu rami, a auna nauyi a sikeli. Sai yaro ya tafi ya kwance buhu mai ruɓi uku, ko ya buɗe jarka, ya ɗiba, ya mayar ya ɗaure. Ai kuwa ya kashe gwajin da hannunsa, gama duk buɗewa sabuwar iska ce ya ba ƙwarin da su ke gab da mutuwa. Wanda ya san aiki, ko dai ya bar mazuban da ke rufe sai ranar ƙarshe, ko kuwa ya tanadi mazubai dabam domin kowane wata, wanda aka buɗe an gama da shi ke nan. Wannan yana ƙara yawan wake da yawan kuɗi, shi ya sa wasu su ke komawa 'yan kwalabe masu cin gwangwani guda. Babu laifi, amma sai ɗalibi ya faɗa a kundinsa cewa a kwalba ya yi, kada ya bar mai karatu ya zaci buhu mai kilo 100 a ke magana. A ƙarshe kuma ya shuka ƙwaya 100 daga kowane mazubi a cikin jiƙaƙƙen yashi, ya ƙirga waɗanda su ka tsiro bayan mako guda, domin manomi da yawa daga wannan ajiya ya ke fitar da irin shukarsa. Ya je kasuwa, Dawanau ko wadda ta fi kusa da shi, ya rubuta farashin tiya da kaka da kuma ranar da ya buɗe, da kuɗin buhu da na jarka. Hanyar da ta tsare wake amma kuɗinta ya cinye ribar, ba wanda zai bi ta.

Masu binciken dabbobi nasu nauyin ya fi haka, gama abin gwajinsu mai rai ne, yana jin yunwa da ƙishirwa da ciwo. Ɗalibin da ya ce zai gwada turkar raguna da harawar wake da dusa da angurya, sai ya nemi raguna masu kusan shekaru ɗaya da jinsi ɗaya, kada ya haɗa Balami da Uda da 'Yankasa ya ce abinci ne ya bambanta su. Sai an ba su maganin tsutsar ciki, an bar su kamar mako 2 su saba da sabon abincin, sa'an nan a fara awo. Kowace safiya a auna abin da aka zuba, washegari a auna abin da su ka rage, har ranar Juma'a da ranar Lahadi da ranar bikin aboki. Idan rago ya kamu da ciwo a yi masa magani, a rubuta, ko da hakan zai rikita lissafi. Dabbar da aka bari ta wahala don kada alƙaluma su ɓaci, alhakinta yana wuyan ɗalibin da malaminsa duka.

Ba a ce laifin duka na yara ba ne. Jami'a tana da kalandarta, damina tana da tata, kuma ba su taɓa shawara da juna ba. A kan ba ɗalibi izinin fara aiki a watan Agusta a kan amfanin da ya kamata a shuka a watan Yuni. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ɗauki wata 9, na 2022 ya ɗauki wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba, watau damina guda cur. Yaron da ya shuka gonar gwaji kafin a rufe makaranta, ya dawo ya tarar awaki sun yi masa girbi. Ga kuɗi: iri, taki, 'yan ƙwadago, awon ƙasa a ɗakin gwaji, buga takarda, duk daga aljihun uba. Ga malami guda an ɗora masa ɗalibai fiye da yadda zai iya bi gona ya duba, ga nasa karatun da koyarwa. A cikin wannan matsi ne masu shagunan bakin ƙofa su ke raɗa wa yaro cewa akwai kundi gamamme, babi 5 cif, sai dai a sa suna. Yanzu ma abin ya ƙara sauƙi, domin akwai manhajojin kwamfuta da za su tsara wa mutum babi guda kafin shayinsa ya huce, har da jadawalin alƙaluman gonar da ba a taɓa shukawa ba.

Duk da haka uzuri ba ya mayar da ƙarya gaskiya. A yi tunanin ɗalibin waken nan ya buɗe mazubansa bayan wata 6, ya tarar garin darbejiya, wanda a kansa ya ɗora buri, har ya riga ya rubuta shafi 10 yana yabonsa a babi na biyu, bai hana komai ba, waken ya huhhuje kamar wanda ba a taɓa ba. Nan ne jarrabawar gaske ta ke. Zuciya za ta ce masa ya rage ramukan a takarda, 60 ta koma 16, wa zai sani? Ɗalibai da yawa sun ɗauka cewa idan abin da su ka gwada bai yi aiki ba, sun faɗi ke nan. Ba haka ba ne, kuma wajibi ne malamai su faɗa musu tun ranar farko. Wanda ya rubuta cewa ya zuba kaza na garin darbejiya a kan mudu kaza na wake, a ɗaki mai zafi kaza, bai yi amfani ba, ya yi wa jama'a aiki, ya hana wata tsohuwa asarar waken da ta ke jira ta sayar ta yi wa jikarta kayan ɗaki. Wanda ya gyara alƙaluma kuwa, wani ɗalibi zai zo baɗi ya kwafe shi, wani ya kwafi wancan, har maganar ta zama kamar tabbatacciya, wata rana a ji ta a bakin malamin gona a dandalin ƙauye.

Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne, musamman a gaban tsofaffin malamai. Ranar kare kundi a kan gayyato malami daga wata jami'a ya zauna tare da na gida. Irin waɗannan sun ga kundi ɗaruruwa, sun san cewa gona ba ta ba da alƙaluma masu santsi. Idan mazubai 4 duk sun ba da kusan lamba ɗaya, kowane wata abin yana hawa daidai kamar matakalar bene, sai gabansu ya faɗi. Ba sa tambayar abin da ke shafi na 40. Sai su ce, yaro, ƙwan ƙwaron nan wane launi ne? Wanda ya yi wata 6 yana tsintar wake ya san cewa da fari garai ya ke kamar ɗigon ruwa, sai tsutsar ta shige cikin ƙwaya sa'an nan ya koma fari. Wanda ya saya a shago sai ya shiga kallon silin. Ko su ce ya kawo littafin da ya riƙa rubuta awo a ciki. Littafin gaskiya ba ya ɓuya, duk ya yi datti, ga shatar yatsa, ga inda aka soke aka gyara, ga ranar da aka rubuta cewa ɓera ya huda mazubi na 7. Da sassan aikin gona za su sa doka cewa ba a karɓar kundi sai da wannan littafi, malami kuma ya riƙa sa hannu a cikinsa wata-wata, da kasuwar masu sayar da gamammen kundi ta ragu ƙwarai ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Saura magana guda, wadda ita ce aka fi sakaci da ita. An kare kundi, an ci, an ɗauki hoto, an kai kwafi ɗakin karatu, an kai wa malami nasa, an kai ɗaya gida an sa a kabad. Shi ke nan. Manomin da ya ba da aron ɗakin ajiyarsa, ko matar da aka yi wata 3 a na auna awakinta, babu wanda ya koma ya gaya musu abin da aka gano. Kundin da Turanci ya ke, Turancin ma irin na masana. Shi ya sa a ƙauyukan da ke kewaye da jami'o'i mutane su ka gaji da masu zuwa da takardar tambayoyi, har su kan ba da amsar da za ta sallami baƙo kawai. An yi ta ɗiba a rijiyarsu ba a taɓa yashe musu ita ba.

Ƙasar nan ba ta rasa hanyoyin kai sako ga manomi ba. A Samaru akwai cibiyar ƙasa ta yaɗa sakamakon binciken gona, wadda ta daɗe tana buga 'yan littattafai da shirya shirye-shiryen rediyo da Hausa. Akwai hukumomin raya aikin gona na jihohi, waɗanda tushensu ya faro daga shirye-shiryen Funtuwa da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970. Ba a ce kowane kundin ɗalibi ya cancanci a karanta shi a rediyo ba, gama gwajin shekara guda a wuri guda bai isa a gina shawara ga ƙasa a kansa ba, sai an maimaita an tabbatar. Amma babu abin da zai hana a wajabta wa kowane ɗalibi ya rubuta shafi guda da harshen mutanen da ya yi aiki a cikinsu, Hausa ko Fulatanci ko Barbarci ko Tibi, ya faɗi abin da ya gwada, da abin da ya gani, da abin da bai tabbata ba tukuna, ya koma ƙauyen ya karanta musu, ya buɗe mazuban a gabansu su gani da idonsu. Wanda ya iya bayyana wa kakarsa dalilin da ya sa ba a kwance buhu mai ruɓi uku sai ranar sayarwa, ya fahimci bincikensa. Kuma tambayoyin da dattawa za su jefa masa a wannan zama, irin su yaya za a yi da ɓera, ko buhun zai sake amfani baɗi idan leda ta huje, su ne kan binciken ɗaliban da ke tafe.

Ga shugabannin sassa kuma, gyaran da ya fi sauƙi shi ne na lokaci. A raba wa ɗalibai malamai, a amince da abin da za su bincika, tun suna shekara ta huɗu, lokacin da su ke gona dama, maimakon a jira sai an shiga ta biyar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai gwajin damina ya samu ya shuka da ruwan farko tare da manoma. Mai gwajin ajiyar wake kuwa, tun da a watan Oktoba zuwa Nuwamba a ke ɗebe wake a yawancin ƙasar Hausa, idan yana son awon wata 6 da sauran lokacin lissafi da rubutu, to, kafin watan Disamba ya kama ya kamata a ga mazubansa 20 a jere, kowanne da lambarsa, an ɗaure bakinsu.